Fagge: Zangon Fatake da Kasuwa ke Cinyewa

Yau shirin namu ya yada zango a Fagge, unguwar nan da ke bayan ganuwar Kano, tsakanin Birni da Sabon Gari. Duk wanda ya fito ta Ƙofar Mata ko Ƙofar Wambai, tafiya kaɗan zai yi sai ga shi a cikinta.

Masana tarihi suna kai asalin Fagge can zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, lokacin da kasuwar Kurmi ta fara jawo fatake daga ko'ina. Ayarin Abzinawa kan taso daga Agadas da Bilma, raƙuma ɗauke da kantun gishiri da dabino. Irin wannan ayari ba ya shiga lungunan Birni, sai an samu fili da ruwa da wurin kiwo. Shi ya sa suke sauke kaya a bakin ganuwa, fatoma ya ba su masauki, dillali ya haɗa su da masu saye, su koma arewa da gero da fatu da turkuɗi. Wasu ba su koma ba. Suka yi aure, suka kafa gida, zango ya zama unguwa.

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Daga nan Fagge ta samu sababbin baƙi. Kwarori, wato 'yan Siriya da Lebanon, suka kafa kantunan yadi a Fagge ta Kudu, iyali a sama, kanti a ƙasa. Hausawa daga Katsina da Damagaram da Haɗeja, da Barebari da Nupawa, waɗanda ba su da gidan gado a cikin Birni, su ma nan suka nufa. A zamanin ne aka sake yanka filaye, shi ya sa har yau layukan Fagge suke a miƙe, mota tana ratsa su, saɓanin lungunan cikin gari.

Wannan cakuɗuwa ita ta ba mutumin Fagge halinsa: wayewa, saurin sabo da baƙo, da son sabon abu. Silimar Plaza da ta Wapa sun tara samari a shekarun da fim ɗin Indiya ke tashe. Telolin unguwar sun yi suna wajen ɗinkin zamani, har gobe kuwa in sallah ta gabato kekunansu ba sa tsayawa sai asuba. A nan ma marigayi Janar Sani Abacha ya tashi.

To, me mazaunin Fagge yake da shi a kusa da gida? Babban masallacin Juma'a da aka fi sani da Masallacin Waje, wanda aka buɗe a zamanin Sarki Ado Bayero, yana nan tsakiyar hada-hada. Asibitin Murtala yana dab da Ƙofar Mata, Asibitin Zana kuma yana kan titin Faransa. Makarantun allo da na Islamiyya kusan kowane layi akwai su, ga Dandali inda yara ke buga ƙwallo. Adaidaita sahu ba ya yankewa. Unguwar ce kuma ta ba ƙaramar hukumar Fagge suna, mai mazaɓu goma, har da Sabon Gari da Rijiyar Lemo da Kwaciri.

Amma abin da ya fi komai girma a Fagge kasuwa ce. Kantunan Kwarorin nan su ne suka zama Kantin Kwari, inda 'yan kasuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru ke zuwa sarin atamfa da shadda da leshi, yawanci yanzu daga Chaina ake shigo da su. A Wapa kuwa silimar ta shuɗe, sunan ya rage wa 'yan canji. Maniyyaci mai neman riyal, ɗan kasuwa mai neman dala, Banijare mai sefa a aljihu, duk a nan suke haɗuwa. Dubban 'yan dako da masu sayar da abinci da yaran shago da wannan ciniki suke ci.

Sai dai cinikin yana cin unguwar kanta. Mai gida ya rasu, magada sun yi yawa, attajiri ya taya da kuɗin da ba a iya ƙi. Kafin shekara ta zagayo an rushe soro da tsakar gida, an tayar da bene mai shaguna da sito. Iyalin da kakanninsu suka zauna a layin sai su watse zuwa bayan gari, maƙwabtakar shekara da shekaru ta yanke. Wannan rashi ne babba, ko da kuwa kuɗin ya shiga hannun masu haƙƙi.

Waɗanda suka rage kuma suna fama. Famfo ya daɗe da ƙafewa a layuka da yawa, sai 'yan garuwa da rijiyar burtsatse. Manyan motoci na sauke diloli a ƙofar gidaje, shara na toshe kwatoci. A watan Agustan 2022 ruwan sama ya malale Kantin Kwari, ya shiga shaguna ya lalata yadi na maƙudan kuɗi, 'yan kasuwa da dama kuma suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa magudanan ruwa. Ruwan da ya jiƙa atamfar attajiri shi ne yake shiga ɗakin tsohuwa a layin baya, ita kuwa ba ta da wanda zai kai kukanta gidan gwamnati. Harajin da hukuma ke karɓa a Kwari da Wapa ya isa a ce an yashe kwatocin Fagge kafin kowace damina, an kuma hana kowa ɗora bulo a kansu.