2.4 Tsarin Ba-Sani-Ba-Sabo Wajen Tsaron Na'urorin Kamfanoni

A sashen da ya gabata an yi bayanin tsohon tsarin tsaro, wanda ya dogara a kan katange kwamfutocin kamfani daga na waje. A nan kuma za a dubi tsarin da ya zo domin ya toshe kafar da wancan ya bari. Turawa suna kiran sa Zero Trust, amma a wannan kundi an zaɓi a kira shi tsarin ba-sani-ba-sabo, domin manufarsa ke nan, wato ba a yarda da mutum ko na'ura don kawai an san su ko don suna cikin gida.

Ganuwar birnin Katsina za ta taimaka wajen fahimtar bambancin tsare-tsaren biyu. A zamanin da, kowace ƙofa, kamar Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa, tana da mai tsaronta, kuma ana rufe ta da dare. Sai dai binciken duk a bakin ƙofa yake ƙarewa. Wanda ya sami shiga, ya ratsa unguwanni ya je kasuwa, ba lallai ne a sake tambayarsa ba. Haka tsohon tsarin kwamfuta yake. Da zarar mutum ya wuce katangar tsaro da kalmar sirri, to cikin gida ya zama nasa.

Abin da ya sami kamfanin Target na Amurka a ƙarshen shekarar 2013 ya nuna illar hakan a fili. Ɓarayi ba su fasa katangar kamfanin ba. Kalmar sirrin wani ɗan kwangila mai kula da na'urorin sanyaya ɗaki suka sace, suka shiga da ita, daga nan suka lallaɓa har suka kai ga na'urorin karɓar kuɗi, suka kwashe bayanan katin banki kimanin miliyan 40.

John Kindervag na kamfanin Forrester shi ne ya yaɗa sunan wannan sabon tsari a shekarar 2010. Kamfanin Google kuma, bayan harin da aka kai masa a 2009, ya gina nasa mai suna BeyondCorp. A 2020 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da ƙa'idojinsa a rubuce. Abin da suka haɗu a kai shi ne a riƙa tantance kowace buƙata ita kaɗai: wane ne ke nema, da wace na'ura, daga ina, kuma aikinsa ya kai ga abin da yake nema? Ana kuma rarraba hanyar sadarwar kamfani gida-gida, kowane sashe da ƙofarsa, ta yadda mai sayar da kaya ba zai iya leƙa littafin albashi ba. Idan ɓarawo ya shiga ɗaki ɗaya, to a nan zai tsaya.

Wannan tunani ba baƙo ba ne gaba ɗaya ga 'yan kasuwar Katsina. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a 2014, sun saba da tantancewa, haka nan da lambar da banki ke turowa a waya kafin kuɗi ya fita. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 kuma ya tura da yawansu ga na'urar POS da tura kuɗi ta waya, ko suna so ko ba sa so.

A ganin mai wannan bincike, babbar matsalar a nan ba ta kuɗin sayen na'ura ba ce, ta al'ada ce. Kasuwancinmu a kan amana da zumunci ya ginu. Mai bincike ya lura a wasu shaguna cewa kalmar sirri ɗaya maigida da yaransa duka suke amfani da ita, wani lokaci ma tana rubuce a jikin bango kusa da kwamfutar. Yaro ya bar aiki, ba a canza ta ba, domin ana jin nauyin a ce an zarge shi. Alhali tsarin ba zargin kowa yake yi ba. Hasali ma yana kare yaro mai gaskiya, domin idan kowa da tasa kalmar, ranar da kuɗi ya ɓata za a ga ta hannun wa ya fita, ba sai an tara kowa ana rantsuwa ba. Bugu da ƙari, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan abokan ciniki alhakin tsare su.

A babi na uku za a bayyana hanyoyin da aka bi wajen tattara bayanai daga waɗannan shaguna.