3.2 Yaɗa Irin Bulubari ta Hanyar Renon Tsiro a Kwalba

Bulubari ɗan gajeren itace ne mai ƙananan 'ya'ya shuɗɗa, kuma asalinsa daga Arewacin Amurka yake. Nau'in da aka fi nomawa shi ne wanda masana ke kira Vaccinium corymbosum. A da can, a daji ake tsintar sa, har zuwa lokacin da Frederick Coville da Elizabeth White suka yi nasarar noma shi a jihar New Jersey, inda aka fara kai amfaninsa kasuwa a shekarar 1916.

Babbar matsalar manomansa ita ce samun iri. Idan aka shuka ƙwayarsa, abin da zai tsiro ba ya ɗauko halin uwa sak. Idan kuwa aka dasa reshe, kamar yadda ake yi wa rogo, ana samun jinkiri, kuma duk cutar da ke jikin uwa za ta bi reshen. Wannan ne ya sa aka koma ga renon tsiro a ɗakin gwaje-gwaje, wanda ke bin matakai kamar haka:

(i) Ana yanko ɗanyen reshe mai ido daga lafiyayyar uwa, tsawonsa bai wuce santimita 2 ba, a wanke shi da sinadarin bilic domin kashe ƙwayoyin cuta.

(ii) Sai a dasa shi a kwalba mai ɗauke da abinci daskararre, wanda ya ƙunshi sukari da gishirin ma'adinai, kuma an turara shi a zafin digiri 121. An fi amfani da haɗin da Lloyd da McCown suka fitar a shekarar 1980, domin gishirinsa bai kai na haɗin Murashige da Skoog na 1962 ƙarfi ba. Ana kuma daidaita tsaminsa kusa da 5 a ma'aunin pH, saboda bulubari tsiro ne mai son ƙasa mai tsami.

(iii) Ana ƙara sinadarin ziyatin domin ido ɗaya ya fitar da rassa da dama. Bayan makonni 6 zuwa 8, cikin hasken awa 16 a kullum, sai a rarraba su a sababbin kwalabe.

(iv) A ƙarshe, ana mayar da rassan cikin ƙasa mai laima domin su yi saiwa.

Wannan mataki na ƙarshe shi ne mafi haɗari. Tsiron da ya tashi a kwalba bai saba da busasshiyar iska ba, don haka ganyensa kan yi saurin yaushi. Dole ne a rufe shi da leda, a riƙa buɗewa sannu a hankali har ya saba.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa nasarar wannan hanya ta dogara ne ga tsafta da haƙuri. Ƙwayar cuta ɗaya na iya lalata kwalba baki ɗaya, haka kuma gaggawar fitar da tsiro kan jawo asarar aikin watanni.