TSEREN DUTSEN KAMARU: GUDU DAGA GINDIN DUTSE ZUWA CIKIN GAJIMARE

A kudu maso yammacin ƙasar Kamaru, kusa da bakin teku, akwai wani gari mai suna Buea wanda ke zaune a gindin wani babban dutse mai aman wuta. Mutanen wurin, wato Bakweri, suna kiran ƙololuwarsa Fako. Tsawonsa ya haura metir 4.000, ke nan ya ninka dutsen Bagazam na Abzin har sau biyu. Bai mutu ba tukuna, domin ya yi aman wuta a 1999, ya kuma a 2000. Matahiyi mai lahiya yakan yi kwana biyu ko uku kahin ya hau shi ya sauko. Amma kowace shekara, galibi cikin watan Fabrairu, ɗaruruwan mutane maza da mata suna taruwa a hilin wasanni na Molyko don su hau shi su sauko da gudu cikin yini guda.

An fara wannan tsere a 1973, da kuɗin kamfanin Guinness. A 1996 aka sake masa suna, ya zama Tseren Fata. Tsawon hanyar, zuwa da komowa, kimanin kilometir 38 ne. Wanda ya san gudun maraton na kilometir 42 zai ce ai wannan bai kai ba. To, ba a nan gizo ke saƙa ba. Gwanayen duniya suna gama maraton a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya cikin awa biyu da ƴan mintoci, alhali zakaran dutsen Kamaru yakan yi wajen awa huɗu da rabi. Sauran jama'a kuwa, malaman makaranta da manoma da ma'aikatan gwamnati waɗanda sha'awa kaɗai ta kawo su, sai su kwashe kusan yinin duka.

Da sassahe ake tashi. Hanya tana bin cikin gari, ta ratsa gonaki, ta shiga kurmi mai duhu da santsi. Bayan bukka ta farko itatuwa suna ƙarewa, sai ciyawa da baƙin dutse wanda wuta ta toya. Daga nan zuwa bukka ta biyu gudu ya ƙare, sai rarrahe: mutum ya dafa gwiwa da hannu, wani wurin ma ya kama ciyawa ya ja jikinsa. Wanda ya bar gari cikin gumi zai tarar da iska mai kaɗawa da sanyi mai shiga ƙashi a sama, saboda duk hawan metir 1.000 zahi yana raguwa da wajen digiri 6.

Babban abokin gaba dai shi ne ƙarancin iska. Yadda mutum ya ƙara hawa, haka iska ke ƙara sakwarkwacewa, har a metir 4.000 abin da huhu ke samu cikin shaƙa guda bai wuce kashi 60 cikin 100 na abin da yake samu a bakin teku ba. Zuciya sai ta riƙa bugawa da sauri don ta cike giɓin. Tun daga metir 2.500 wasu kan fara jin ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya. Wannan ciwo bai san ƙato ba, bai san mai horo ba. Yana iya kama saurayi ya ƙyale dattijo. Maganinsa na gaskiya guda ne, a sauko. Jiki yana iya sabawa, gama in mutum ya zauna a tudu jininsa yana ƙara yawan jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, amma wannan aikin makonni ne. Shi ya sa da yawa daga cikin zakarun tseren ƴan tsaunukan arewa maso yammacin Kamaru ne, waɗanda tun suna yara suke hawa da sauka da kaya a kai.

Wanda ya hito daga ƙasa shimfiɗaɗɗiya, kamar Yamai wadda tudunta bai wuce metir 200 da ƴan kai ba, dole ya biya da wahala abin da waɗancan suka samu kyauta. Shirinsa na watanni ne. Yana farawa da gudu a hankali, sau uku ko huɗu a mako, kahin aiki ko bayan la'asar, yana ƙara nisa kaɗan kaɗan. Rana guda cikin mako ya yi doguwar tahiya ta awa uku ko hiye. In babu dutse kusa, sai ya nemi tudun rairayi, ko matakalar bene, ko ta hilin wasanni, ya yi ta hawa da sauka har cinyoyi su yi ƙarhi. Mai hankali yakan je wajen likita a auna zuciyarsa, ya kuma isa Buea da kwanaki a hannu don ya taka dutsen kahin ranar.

Abin da sababbi suka hi mantawa shi ne saukowa. Suna zuba ƙarhinsu duka wajen hawa, su ɗauka in an kai ƙololuwa an gama. Alhali a gangara ne tsakuwa ke zamewa ƙarƙashin takalmi, cinya ta ɗauki rawa, gwiwa ta ƙi riƙe mai ita. A nan ake faɗuwa, a nan ake targaɗe, kuma akan ga mutane sun iso Molyko da jini a hannu da ƙwauri. Gwanin saukowa yana iya wuce mutum goma da suka riga shi kaiwa sama.

Haɗarin ba na baka ba ne. A 2024 wani ɗan Kenya, Charles Kipsang, wanda ya daɗe yana gaba a tseren, ya galabaita dab da ƙarshe, ya daure ya ƙetare layi, daga baya ya yanke jiki ya faɗi, rai ya yi halinsa. Shekara guda kahin haka, a 2023, wasu abubuwa sun fashe a kan hanyar tseren, mutane da dama suka ji rauni, saboda rikicin da yankin masu magana da Ingilishi ya shiga. Duk da haka aka ci gaba da gudu a ranar.

A 2024 ladan na ɗaya, namiji ko mace, miliyan 10 ne na kuɗin sefa. Mutum biyu ne ke ɗaukar wannan. Sauran ɗaruruwan abin da suke nema shi ne a ce sun taɓa Fako sun komo da ƙafarsu. Sunan da ya hi kowane zama a bakin mutanen Buea na mace ne, Sarah Etonge, uwar ƴaƴa bakwai, wadda ba ta hito daga wata makarantar wasanni ba. Ta ci tseren mata sau bakwai, na ƙarshe a 2005, tana dab da shekara arba'in. Sarauniyar Dutse suke ce mata.