YARONKA YA CI JARRABAWAR MOTSA JIKI, TO YAUSHE RABONSA DA GUDU?



Maigida, yau ba maganar zuma ko habbatus sauda muka zo da ita ba. In yaronka ya dawo daga makaranta, karɓi jakarsa ka nemo littafin darasin motsa jiki, wato PHE. Za ka tarar da rubutu shafi-shafi: tsawon filin ƙwallo, dokokin tsere, amfanin motsa jiki guda goma. Sai ka tambaye shi yaushe rabon da malam ya fitar da su fili. A makarantu da yawa amsar ita ce tun gasar wasannin bara, ita ma yara ƙalilan aka zaɓa, sauran suna gefe suna tafi.

Ka lissafa yinin yaron nan. Da sassafe yana cikin adaidaita, daga nan benci har azahar, ya ci abinci a tsaitsaye ya wuce Islamiyya, bayan magariba aikin gida, sannan waya. Mu mun tashi da langa da kokawa, 'yan mata da 'yar gala-gala da tsallen igiya. Yanzu filin unguwa an yanka shi fuloti, makarantar kuɗin ma gidan haya ce, tsakar gidanta ko mota biyu ba za ta ɗauka ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 a kullum na motsin da zai sa numfashinsa ya ɗaga. Binciken da ta fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin 100 na yaran duniya masu shekara 11 zuwa 17 ba sa samun haka, a wajen 'yan mata kuwa kashi 85 ne. A shekarun nan ne ƙashi ke tara ƙarfin da mutum zai yi tsufa da shi, kuma gudu da tsalle ne ke gina shi. Hasken waje ma yana rage wa yara matsalar rashin gani daga nesa, wadda ke kai su ga tabarau tun suna firamare.

Kada wani ya ce maka wannan koyarwar Turawa ce. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya yi bayani a Ihya'u cewa a bar yaro ya yi wasa in ya taso daga karatu, domin hana shi wasa da matsa masa kullum yana kashe masa zuciya, ya dusashe basirarsa, har ya fara neman dabarar gudun karatun baki ɗaya. Ibnul Ƙayyim kuma, a cikin Zadul Ma'ad, har ma'auni ya bayar: a motsa jiki bayan abinci ya narke, a tsaya daidai inda fata ta yi ja, jiki ya ɗan jiƙe. In gumi ya fara kwarara, an zarce. Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi tsere da Nana A'isha (RA) har sau biyu, ta tsere masa a na farko, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito.

To ina hujjar barin 'yan mata a aji suna gadin jakunkuna? Wallahi a nan muka fi yin sakaci. Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: malama mace, lokacinsu daban da na maza, wando mai yalwa da riga doguwa. Uwargida, ke ce za ki fi iya tsayawa a kan wannan.

Ranar taron iyaye da malamai, bayan an gama cacar baki a kan kuɗin makaranta, ka ɗaga hannu. Ka tambaya sau nawa a mako yara ke fita, kuma wa ke fitar da su. Sau da yawa darasin a hannun malamin da aka ga yana da sarari yake, alhali kwalejojin ilimi suna yaye masu NCE a wannan fanni musamman. Malamin da ya san aikinsa ba ya jefa wa yara 60 ƙwallo ɗaya ya koma inuwa. Yakan raba su rukuni-rukuni, kowa na motsi, mai ƙiba da mai jin kunya ma su samu shiga. In an ce babu fili, ai langa ba ta buƙatar fili babba, igiya kuma nawa take? Ka kuma roƙa a daina horon yara da tsallen kwaɗo. Yaron da aka saba ladabtar da shi da motsa jiki, da wuya ya girma yana son sa.

Akwai kuma naka nauyin. In ɗanka yana da sikila ko asma, ka je da ƙafarka ka gaya wa malamin, kada ka bar wa yaro saƙon. Mai sikila yana iya wasa, amma ya sha ruwa sosai, ya huta da zarar ya gaji, kada a tilasta masa gama tsere. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, musamman lokacin ƙurar hunturu. A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, a nemi makaranta ta mayar da darasin farkon safiya, kuma ka saka wa kowane yaro gorar ruwansa a jaka kafin ya fita.

Allah Ya raya mana su cikin ƙoshin lafiya.