Sayen Tsohuwar Libarba: Abin da Doka Ta Ce da Haɗarin da Ke Ciki

Libarba ƙaramar bindiga ce ta hannu mai ganga a tsakiya, wadda ke juyawa tana miƙa harsashi ɗaya bayan ɗaya. Samuel Colt ya yi rajistar ƙirarsa a Amurka a 1836, kuma samfurin kamfaninsa na 1873 yana cikin waɗanda masu tara kayan tarihi suka fi nema. Sai dai kafin mai saye ya biya kuɗi, dole ya tabbatar ko doka ta ɗauki bindigar a matsayin kayan tarihi, sannan ko ƙarfenta yana da lafiya.

A Amurka, dokar tarayya ta 1968 ta ware bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan daga cikin makaman da ake saye ta hannun dillali mai lasisi. Amma kowace jiha da nata tsarin, kuma wasu, irin su New Jersey, sun fi tarayya tsanantawa. Shekarar ƙira ita ce ma'auni, don haka ake duba lambar da ke jikin bindigar a kwatanta da kundin kamfanin da ya yi ta.

Birtaniya ta bi wata hanya. Dokarta ta 1968 ta yarda a ajiye tsohuwar bindiga ba lasisi matuƙar don ado ko sha'awa aka ajiye ta. Da 'yan fashi da 'yan daba suka gano wannan kafa, sai suka riƙa sayen tsofaffin libarba suna haɗa musu harsashi a ɓoye. A 2017 kotu ta ɗaure wani dillali shekara 30 kan wannan sana'a. Ƙa'idojin 2021 sun gindaya cewa sai an ƙera bindigar kafin 1 ga Satumba 1939, suka kuma cire harsasai iri 7 daga jerin waɗanda ake yi wa sassauci.

Wannan sassauci ba ya bin bindiga idan ta ƙetare iyaka. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa libarba cikin haramtattun makamai, kome tsufanta, kuma mallakarta sai da lasisi daga Shugaban Ƙasa.

Ta fuskar lafiya, babban haɗari yana cikin albarushi. An ƙera yawancin libarba na ƙarni na 19 don baƙin albarushi. Wanda ba ya hayaƙi, da aka samar a Faransa a 1884, ya fi shi matsi, yana iya tarwatsa ganga a hannun mai harbi ko da harsashin ya shiga daidai. Ragowar baƙin albarushi kuma tana jan raɓa, tsatsa ta ci ƙarfe daga ciki, waje yana sheƙi. Idan ganga ta daina tsayawa daidai da bututu, dalma na iya fantsama gefe. Da yawa daga cikin tsofaffin libarba ba su da kariyar da ke hana su tashi idan sun faɗi ƙasa, kuma waɗanda ake ɗurawa da hannu kan yi shekara da shekaru a ɗure ba wanda ya sani.

Saboda haka ake ɗaukar kowace tsohuwar bindiga a matsayin ɗurarriya har sai ƙwararren maƙerin bindiga ya duba ta. Ba a goge ta da takardar yashi, domin hakan yana karya darajarta. Ana ajiye ta a kulle, a busasshen wuri, nesa da yara, tare da takardun da ke nuna shekararta da wanda ya sayar da ita.