Ɗumin Ƙafa a Cikin Takalmin Zamiyar Ƙanƙara

A tsaunukan Alps, waɗanda suka ratsa Faransa da Suwizalan da Ostiriya da Italiya, jama'a kan yi tururuwa duk lokacin sanyi domin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Mutum ya ɗaura dogayen falankai biyu a ƙafa, ya sulalo daga kan dutse har gindinsa. Cikin abubuwan da ke saurin kashe wa sabon shiga gwiwa akwai sanyin yatsun ƙafa, irin wanda ke farawa da zugi, can kuma sai ƙafar ta sage.

Takalmin wannan wasa da can na fata ne mai igiya. A shekarun 1950 kamfanin Henke na Suwizalan ya fito da mai maɗauran ƙarfe, a shekarun 1960 kuma wani Ba'amurke, Bob Lange, ya ƙera na roba mai tauri, wanda shi ne ya zama ruwan dare. Kashi biyu ne: ƙwaryar waje mai tauri, da takalmin ciki mai laushi na soso wanda ake iya zarewa. Dole ya kama ƙafa tsam, don kome ƙanƙantar motsin ƙwauri ya isa ga falankin. Daga wannan kamu ne matsalar ke tasowa.

Takalmi ba ya samar da zafi. Kamar kular abinci yake: abin da aka zuba da ɗumi shi take riƙewa. Jini ne ke kai ɗumi ƙafa. Jikin ɗan Adam yana ƙoƙarin tsare zafin cikinsa a wajen digiri 37, saboda haka da ya ji sanyi sai ya tsuke ƙananan jijiyoyin jini na hannu da ƙafa, ya tattara jinin wajen zuciya da sauran kayan ciki. Ke nan wanda ƙirjinsa da kansa ke a buɗe zai ji sanyin ƙafa ko da takalminsa ya fi na kowa tsada. Ga shi kuma duk hawan mita 1,000 zafin iska kan ragu da kimanin digiri 6, rigar da ta wadatar a gindin dutse ba lalle ta wadatar a samansa ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ninka safa. Mutum ya ji tsoron sanyi, ya zura biyu masu kauri, ya cusa ƙafar da ƙyar, ya danne maɗaurai. Alhali a saman ƙafa, daidai inda maɗauri ke bi, akwai jijiyar da ke kai jini yatsu, kusa da fata har ana iya jin bugunta da ɗan yatsa. An matse ta, an rage jinin ke nan. Shi ya sa masu gyara takalma a garuruwan tsauni ke cewa safa ɗaya tak, siririya, doguwa zuwa ƙasan gwiwa, ba tare da ta tattare ba. Maɗauran ƙwauri ne ke buƙatar ƙarfi, na saman ƙafa a bar su sassauƙa yadda yatsu za su iya motsi. Idan ka lura da ƙwararru a layin kujerun nan masu rataye a waya da ke hawa da mutane, za ka ga suna sunkuyawa suna ɓalle maɗauran, sai an kai sama su mayar. A waɗannan mintuna na zama ne ƙafa ta fi yin sanyi, tana reto cikin iska, tsoka ba ta aikin kome.

Sai kuma danshi. Tafin ƙafa yana gumi ko cikin ƙanƙara, roba ba ta barin gumin ya fita, ruwa kuwa yana ɗauke zafi fiye da iska kusan sau 25. Auduga tana shan gumi ta riƙe, don haka ulun tumakin merino ya fi ta nesa ba kusa ba. Da dare a zare takalmin ciki a shanya shi a ɗaki mai ɗumi, nesa da wuta don kada sosonsa ya lalace. Wanda ya bar takalmi ya kwana a but ɗin mota, da safe ƙafarsa ce za ta ɗumama shi, ta yi asarar ɗumin nata tun ba a fara ba.

Mutanen Sami na arewacin Norwe da Suwidin da Finlan sun daɗe da gane wannan. Takalmansu na fatar barewar ƙasarsu ne, masu yalwa, suna cusa musu busasshiyar ciyawa da aka daka ta yi laushi. Ciyawar ta riƙe iska, ta tsotse gumi, da yamma a fitar a shanya. Da Fridtjof Nansen zai ƙetare Girinlan a kan falankan zamiya a 1888, biyu daga cikin mutum shida na ayarin 'yan Sami ne. A ganina, duk na'urorin zamani ba su wuce wannan hikima ta yalwa da bushewa ba.

Na'urorin dai akwai su, kuma suna da rana, musamman ga masu raunin gudun jini: safa da shimfiɗar takalmi masu batir, da 'yan ƙunshin garin ƙarfe da ke yin zafi idan sun sha iska. Sai dai ƙunshin yana cin wuri, kuma a cikin takalmi matsattse iskar da yake buƙata kaɗan ce. Akwai kuma abubuwan da ke ƙara matsalar: taba tana tsuke jijiyoyin jini. Giya kuma ruɗi ce, tana sa a ji ɗumi alhali zafin jiki fita yake yi.

Yatsa mai zugi yana da sauran jini. Wanda ya daina ciwo, ya yi fari ko toka-toka, ya yi tauri, shi ne abin tsoro, domin naman ya fara daskarewa. A shiga ɗaki nan take, a cire takalmi, a tsoma ƙafar cikin ruwa mai ɗumi na digiri 37 zuwa 39. Kada a murza, kada a kanga ta a wuta, don fatar da ba ta ji za ta ƙone mai ita bai sani ba. Idan ta yi bororo ko jin bai dawo ba, sai asibiti. Yara kuwa wasa kan ɗauke musu hankali, ba su cika faɗa ba, sai babba ya riƙa cire musu takalmi yana duba yatsun da idonsa.