Wa ke rubuta wasan Nima?

Da zarar an tayar da zancen wasan kwaikwayo a unguwannin Nima ko Maamobi na Gana, sai ka ji wani ya ja tsaki ya ce ai harkar ƙungiyoyin agaji ce: su zo da lasifika da riguna masu tambari, su sa yara su nuna mana yadda ake wanke hannu, su ɗau hoto su tafi. In wannan kaɗai ne wasan, mai tsakin ya yi gaskiya. Wanda ya kwana kwashe ruwa daga ɗakinsa saboda babbar kwatar unguwa ta tumbatsa, ba shi za a koya wa illar ƙazanta ba.

Sai dai wasan al'umma daban yake. A 1965 leburorin gonakin inabi a Delano ta jihar Kalifoniya suka shiga yajin aiki. Luis Valdez ya haɗa ƙungiyar El Teatro Campesino daga cikin masu yajin 'yan asalin Meziko, bayan babbar mota ne dandalinsu. Leburan da ya saba shan tsawa shi zai rataya allo a wuya ya fito a matsayin mai gona, 'yan'uwansa su yi ta ƙyaƙyatawa. Wanda aka taru aka yi wa dariya kuwa, kwarjininsa ya ragu ke nan. Ba wanda ya zo wayar musu da kai. Su suka tsara labarin, su suka zaɓi wanda za a tsokana, kamar dai yadda 'yan tashe ke shaguɓe ga manya a watan azumi ba mai hana su.

Gana ma ba baƙuwar abin ba ce. Tun shekarun 1960 Efua Sutherland ta taimaka wa mutanen ƙauyen Atwia suka gina Kodzidan, gidan da suke wasa da tatsuniyoyinsu. Shi ma Mohammed ben Abdallah, marubucin wasan kwaikwayon The Trial of Mallam Ilya, Musulmi ne haifaffen Kumasi.

A 2017 gwamnatin Gana ta kafa asusun raya unguwannin zango irin su Nima, aka shimfiɗa filayen ƙwallo masu ciyawar roba a wurare da dama. Madalla, samari na murna. Amma ƙwallo ba ta tambayar ɗan majalisa ina kuɗin kwata suka shiga, shi ya sa ba na mamakin ta fi dandali farin jini a wajen hukuma. Mu ma da namu laifin: uban da ya hana 'yarsa fitowa a wasan makaranta, shi ne da dare yake kallon fim ɗin Kano a wayarsa.